Littafin Baba mai jan bango

Mu huɗu ne maza a gidanmu a Rano, kuma duk da kuɗin hatsi aka yi mana karatu. Baba na da sito biyu, ɗaya a gari ɗaya a Kibiya. Yakan sayi masara da dawa da kaka, ya kai Dawanau in farashi ya ɗaga. Shekara 40 lissafin yana kansa, sai wani tsohon littafi mai jan bango.

Bara da ciwo ya kwantar da shi, muka tsorata. Tunda a cikinmu akwai mai digirin kwamfuta da ke cin abinci da rubuta manhaja, muka ce za mu zuba komai a waya, harkar ta zama kamfani, kada ta bi shi kabari.

Burinmu ba ƙarami ba ne. Wayar Samsung da muke aikin da ita, asalin kamfaninta shago ne da Lee Byung-chul ya buɗe a Daegu ta Koriya ta Kudu a 1938, yana cinikin busasshen kifi da taliya. Yau jikansa ke jagorancinsa. Irin waɗannan gidaje, su Hyundai da LG, Koriyawa na ce musu chaebol, kuma gwamnatin Park Chung-hee ce ta ɗaga su da bashin banki mai sauƙi, bisa sharaɗin su sayar da kaya a ƙasashen waje. Mu ma muna da namu. A Bebeji, nan kusa da mu, aka haifi Alhassan Dantata, wanda ya tashi daga fataucin goro zuwa gyaɗa, ya rasu a 1955. Tattaɓa-kunnensa Aliko Dangote ne ya gina matatar mai a Legas. Ga kuma A.A. Rano, daga gidajen mai har jiragen sama. To mu me zai hana?

Sai muka buɗe littafin. Fiye da rabinsa bashi ne. Manoman ƙauyukan Kibiya, wani buhu biyu na taki, wani dawar da ya ci da bazara, wani kuɗin asibitin matarsa. Akwai wanda ya shekara 9. Manhajar ta yi abin da muka koya mata, ta jera sunayen da jan launi, ta tara jimilla. Jimillar ta isa sayen mota.

Muka kai wa Baba a gadonsa, har da ɗan alfahari. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ku goge. In na mutu kuka ga wannan, za ku bi su."

Babban yayanmu ya ce, "Baba, ai haƙƙin magada ne."

Ya ce, "Waɗannan mutanen su ke ajiye mini hatsinsu ko wani ya fi ni farashi. Ka zaci don me?"

Gaskiya ba mu da amsa, kuma har yau ba mu daidaita ba. Yaya na cewa ba a gina gidan Dantata da mantuwa. Sauranmu mun fara zargin cewa jarin Baba na gaske shi ne wannan jan layin, kuma ba mu san yadda ake raba shi huɗu ba.

Baba ya miƙe, ya koma sito. Manhajar na aiki, tana ƙirga buhuna daidai. Shafin bashi kuwa babu komai a ciki, littafin kuma ya ɗauke shi daga inda muka saba ganinsa.