Birkin bakin bindiga: wa yake biyan kuɗinsa?

'Yan uwa, kwanan nan matasanmu masu sha'awar farauta suna yawan turo mini bidiyon maharban Amurka, suna tambaya a kan wani ƙarfe mai hudoji da ake ɗaurawa a bakin bindiga. Birki ne, amma ba harsashi yake tsayarwa ba, dukan da bindiga ke yi wa kafaɗar mai ita yake ragewa.

Dukan nan daga abu biyu yake: fitar harsashi, da iskar albarushi mai zafi da ke biyo bayansa. Birki ba ruwansa da na farko. Iskar yake tarewa, ya karkatar da ita hagu da dama, wani lokacin ma ɗan baya. Sai bindiga ta yi sanyi a hannu, bakinta ya rage ɗagawa sama. Shi ya sa ake ganinsa a kan igwa da manyan bindigogi irin Barrett mai harsashin .50. Ga mai gasar harbi, wanda zai saki harsashi da yawa a wuni guda, amfaninsa a fili yake, domin wanda ke tsoron dukan yakan runtse ido ya fizgi kunama, saiti ya ɓaci.

To amma iskar nan ba ɓacewa take ba. Ƙarar da za ta tafi gaba, ita ce ke dawowa kan mai harbi, musamman kuma kan wanda ke tsaye a gefensa. Masana sun ce ƙarar da ta haura desibel 140 tana iya lahanta kunne nan take, ita kuwa bindigar farauta ko babu birki ta wuce nan. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. A Namibiya da Afirka ta Kudu, jagororin farauta da dama ba sa son baƙo ya zo da birki, saboda kunnen masu bin sawu.

Nan ne abin ya dame ni. Farautarmu ta gayya ce, mutum kusa da mutum, ga karnuka a gaba. A daji kunne ido ne na biyu: da shi kake jin motsin nama, da shi kake sanin inda ɗan uwanka yake kafin ka ɗana. Mafarauci kuma sau nawa yake harbi a wuni? Ɗaya ko biyu. Kafaɗa za ta jure wannan.

Balle ma yawancin abin da ke hannun mutanenmu adaka ce da mai baki biyu, ba irin bindigar da aka fi yi wa birki ba. Don Allah kada wani ya kai tasa wurin mai walda a huda ta ko a liƙa mata ƙarfe. Idan ramin ya karkace ko kaɗan, harsashi zai daki ƙarfen, kuma fuskarka ce mafi kusa.

Wanda dukan ya dama, ya sa roba mai kauri a gindin bindiga, ya matse ta sosai a kafaɗa. Wanda kuma ke da lasisi da bindiga mai birki, ya bar ta ga filin gwajin harbi, ya toshe kunne, ya kuma sanar da na kusa da shi kafin ya taɓa kunama.