"Ban da siyasa" a teburin mai shayi

A Bagudo, kusa da inda motocin Tsamiya da Lolo ke lodi, akwai wani mai shayi da ya samu bayan kwalin madara ya rubuta da gawayi: "Ban da siyasa." Ya rataya shi a jikin rumfa, daidai saman inda yake jera burodi. Gabanin zaɓen 2023 ne gardama ta kaure a kan bencinsa har aka ture masa tukunyar ruwan zafi, shi ya sa ya kafa dokar. Ban ga laifinsa ba. Mai neman abincinsa ba ya son a mai da masa teburi filin kamfe.

Na sha zama a wurin da safe, kuma abin da na lura shi ne, a garin kan iyaka da wuya ka nuna inda hirar kasuwa ta tsaya siyasa ta fara. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. A Nuwamban shekarar Kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Da aka buɗe guda huɗu a Disamban 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, babu hanyoyinmu a ciki. Da aka ƙara huɗu a Afrilun 2022, Kamba ce ta samu shiga daga Jihar Kebbi. Sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, wata biyu bayan haka sojoji suka karɓi mulki a Nijar, gadar da ke tsakanin Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar ta rufe. A 2024 jaka ɗaya ta sefa ta haura naira dubu biyu. To, wanda ya zauna ya ce buhun shinkafa ya tashi, ko jarkar mai ta gagare shi, zancen ciniki ya yi ko na gwamnati? A nan abu ɗaya ne.

Wata safiya wani Alhaji, babban manomin shinkafa a fadamar Kwara, ya zauna yana ba da labarin yadda rufe boda ya tashi kafaɗar manoma. Ya kawo shirin bashin noma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ya ce tun da yake bai taɓa ganin shanshera ta yi daraja irin ta shekarun nan ba, ya sa wa waɗanda suka yi hakan albarka. Ya fi minti goma yana magana. Mai shayi na shiƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, yana gyaɗa kai. Babu wanda ya dubi kwali.

Can ƙarshen benci akwai wani saurayi ɗan kabu-kabu, ƙurar hanya har cikin girarsa. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Alhaji, ku kun ji daɗi. Mu da muke kai mutane Segbana, tsallaken boda, shekarun nan da ƙyar muka ci." Bai rufe baki ba mai shayi ya nuna masa kwali da cokali. "Kai, yaro, ba ka iya karatu ba?"

Yaron ya yi shiru. Wani dattijo da ke jiƙa burodinsa a shayi ne ya ɗago kai, cikin sanyin murya ya ce, "Malam, wanga kwali naka, talaka kaɗai ya ka gani?"

Na daɗe ina juya maganar nan. Na tabbata mai shayin bai yi nufin zalunci ba, kunnensa ne bai ji zancen Alhaji a matsayin siyasa ba. Yabo yakan shiga kunne kamar labari, ƙorafi ne ke amo kamar rigima. Ga shi kuma ra'ayin da ya zo daidai da naka ba ka jinsa ra'ayi, gaskiya kawai kake jinsa, kuma mai shayin shi ma yana da 'yar gonarsa ta shinkafa. Ƙari a kan haka, Alhaji kan sha shayi mai kauri da ƙwai huɗu ya biya wa na kusa da shi, yaron kuwa ruwan bunu yake sha da rabin burodi. Abubuwan nan uku suka taru suka karkatar da cokalin. Haka nake gani a motar haya, inda direba zai bar na gidan gaba ya yi ta zuba, ya tsawata wa na baya, haka kuma a taron ƙungiyar 'yan kasuwa. Abin yana ci mini rai, domin wanda ake rufe wa baki da sunan zaman lafiya yawanci shi ne wanda ba shi da wani wurin faɗin damuwarsa.

Akwai wata ɓarakar da ban lura da ita ba sai daga baya. Siyasar maƙwabta ba ta cikin lissafin kwali. A yi ta caccakar shugaban Benin na lokacin, Patrice Talon, a kan rufe iyakar Nijar, ko a yi ta kambama sojojin Yamai, mai shayi na ta soya ƙwai abinsa. Amma teburin nan ba 'yan Najeriya kaɗai ke zama a kansa ba. Na ga wani Badande ɗan kasuwa daga Malanville ya bar shayinsa rabi ya tashi, saboda yadda ake yi da ƙasarsa a gabansa. A wurinsa wannan ita ce siyasar da ta fi kowace zafi.

Abin da ya sa nake girmama mai shayin shi ne abin da ya yi washegarin maganar dattijon nan. Alhaji ya dawo, ya ɗauko zaren jiya. Mai shayi ya ajiye rariya, ya ɗan rusuna ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, abin da na hana yaro jiya ba zan bar shi ga babba yau ba." Wurin ya yi tsit. Alhaji ya biya kuɗinsa ya tafi, ya yi mako guda yana shan shayi a wani teburin. Cinikin ƙwai huɗu kullum ba ƙaramin abu ba ne a wurin mai rumfa ɗaya.

A cikin makon ya sauke kwalin, ya juya wani ya rubuta: "Ban da zagi, ban da sunan jam'iyya." A ganina wannan ta fi waccan, don kowa na iya gane lokacin da aka karya ta, ba sai an jira kunnen mai teburi ba. Yanzu ana maganar farashin sefa da shingayen kan hanya da kuɗin man injin ban ruwa, manomi ya faɗi tasa, ɗan kabu-kabu ya faɗi tasa. In murya ta fara tashi, mai shayi ya ƙwanƙwasa kofi da cokali sau biyu, ko wane ne.

Ranar da Alhaji ya dawo, benci ya cika, wurin da ya rage kusa da yaron nan ne. Yaron ya matsa ya ce, "Bismilla, Baba." Alhaji ya zauna, ya ce a ƙara ƙwai biyu a ba yaro, sannan ya tambaye shi nawa ake kai mutum Segbana yanzu.