Daga Buroshi Zuwa Gilashin Waya

Kafin kwamfuta ta shigo kasuwanninmu, kusan duk rubutun da ido ke gani a bakin titi hannun mutum ne ya yi shi. Allon shagon tela, jerin kawunan da ake zanawa a ƙofar mai aski, sunan Islamiyya a jikin bango, zaki da furanni da karin magana a bayan gingimari, har hatimin ofis da ake sassaƙawa da reza a jikin roba, duk daga rumfar mai zane suke fitowa. A Kano za ka same su a Sabon Gari da Fagge, a Zariya da Kaduna da Jos ma kowace unguwar kasuwanci tana da nata. Tun daga nesa ake gane rumfar, saboda warin fentin mai da kananzir, da allunan da aka jingina a rana suna shan iska.

Lokacin siyasa shi ne kakarsu. A zaɓen 1979 da na 1983 mai jefa ƙuri'a alama yake nema, don haka dole mai zane ya iya fitar da mabuɗin PRP da gida da masarar NPN yadda ko tsohuwa za ta gane su daga tsallaken titi. A 1993 aka koma dokin SDP da mikiyar NRC. Ana yanka kwali da reza a fitar da siffar, a ɗora a bango ko a kan farin yadi, a bi da soso. Mutum ɗaya da yaransa sai su cika unguwa da alama kafin gari ya waye.

Yaran nan su ne abin da na fi tunawa, domin ta kansu sana'ar ke wucewa daga hannu zuwa hannu. Yaro yana farawa ne da wankin buroshi. Daga nan a ba shi shafa farin fenti a allo, sai jan layi da zaren da aka turbuɗa a garin alli, sai cike cikin haruffan da maigida ya riga ya fitar da gefensu. Yakan daɗe kafin a yarda ya rubuta kalma da kansa, ya fi daɗewa kafin a bar shi ya taɓa fuskar mutum. A nan yake koyon abin da babu mai faɗa masa da baki: ya ƙirga haruffan sunan shago, ya nemo na tsakiya, ya fara daga can ya bazu hagu da dama, don kada ya iso bakin allo da sauran haruffa biyu a hannunsa. A nan kuma yake jin yadda maigida ke ciniki, kuma wannan darasin bai gaza na buroshi muhimmanci ba.

Cinikin yana da tsari. Mai shago zai zo da ƙafarsa, a gaisa, ya faɗi abin da yake so. A yi tayi, a yi albarka, a daidaita. Sai ya ajiye kafin alƙalami, domin da shi za a sayo katako da fenti, kuma kowa ya san ba a fara aiki da aljihun mai zane. Maigida zai fitar da tsarin da alli ko fensir ya ce, "Alhaji, duba da kyau, in akwai gyara yanzu ne." In Alhaji ya ce ya yi, fenti ya hau, magana ta ƙare. Wanda ya dawo bayan fenti ya bushe yana son a canja launi ya san sabon aiki ya kawo, da sabon kuɗi. Allon kuma yana nan a rumfa har sai an cika.

Wani reshen sana'ar ya bunƙasa tare da littattafan Hausa na Kano, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa na 1990, zamanin da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna. Marubuta da kansu suke buga littattafansu, kuma kowane littafi yana buƙatar bango mai ɗaukar ido a teburin mai sayarwa. Da yawa daga bangayen wancan lokaci zanen hannu ne: budurwa da mayafi, saurayi da mota, gida mai bene. Masu zanen ba duka ne suka ga ƙofar sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ba, wanda tun kafin a kafa jami'ar a 1962 ya yi suna da ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Akasarinsu 'yan rumfa ne, ko waɗanda hannunsu ya faɗa tun daga zayyanar allo a makarantar Alƙur'ani. Wasu cikinsu ma ba sa zana mai rai saboda abin da suka ji daga malamai, sai suka ƙware a haruffa da furanni da dagi, kuma ba su rasa abinci ba.

Kwamfuta sau biyu ta zo wa wannan sana'a, kuma zuwan biyu ba iri ɗaya ba ne. Mutane sukan haɗa su wuri guda, ni kuwa ina ganin a nan ake kuskuren fahimtar abin da ya faru.

Zuwan farko ture hannu ya yi gefe. CorelDRAW ta fito a 1989, Photoshop a 1990, amma sai wajen ƙarshen shekarun 1990 suka zama ruwan dare a shagunan buga takardu na garuruwanmu. Bayansu injinan buga manyan banoni na leda suka iso. Allon da ke cin kwana uku ya koma aikin yini guda, da hoton mai shagon a jiki, kuma da araha. Ɗan siyasa ya daina neman mai yanka kwali, fuskarsa yake so a kowane shataletale. Bangon littafi da fostar fim ɗin Hausa suka koma hotunan da aka yanko aka jera. Wanda ke zaune gaban kwamfutar sau da yawa mai buga rubutu ne, bai taɓa riƙe buroshi ba. Shi ya sa titunanmu suka cika da haruffa iri ɗaya, da fuskokin da aka ja suka yi faɗi don su cika fili. Har ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta ɓace daga alluna, domin yawancin salon haruffan da ke cikin kwamfuta ba su da su, alhali mai buroshi da ɗan karkata hannu yake fitar da ita. Rumfuna da yawa suka rufe a wannan tsakanin. Wasu masu zanen suka koma fentin gidaje, wasu suka sayi tsohuwar kwamfuta suka fara koyo daga yaran da suka haifa.

Zuwa na biyu shi ya dawo da hannu. Da farko allon Wacom ne, wanda kake zane a kansa idonka na kan allon kwamfuta, abin da ke ɗaure wa duk wanda ya saba da takarda kai na ɗan lokaci. Sai manhajar Procreate ta fito a 2011, Apple ya fitar da alƙalaminsa na iPad a 2015, alƙalamin da ke jin nauyin hannu, in ka danna layi ya yi kauri, in ka sassauta ya sirance. Wanda ba shi da kuɗin wannan sai ya sauke ibisPaint a wayarsa ta Android ya yi zane da ɗan yatsa. A nan wanda ya iya zane tun asali ya sake samun fifiko, domin na'urar ba ta san inda inuwa ke faɗawa a ƙarƙashin hula ba, sai mai hannun ya sani.

Abin da aka samu ba kaɗan ba ne, kuma ban yarda da masu raina shi ba. Ana zane hawa-hawa, fuska daban, tufafi daban, bayan hoto daban, a gyara ɗaya ba a taɓa sauran ba. Layin da ya karkace ana janye shi nan take. Ba kuɗin fenti, ba hayar rumfa. Mafi girma a wurina shi ne mata sun shigo. Rumfar bakin titi ba wurin zaman 'ya mace ba ce a garuruwanmu, amma yarinyar da hannunta ya goge a zanen lalle yau tana ɗakinta tana zana tambarin masu sayar da turaren wuta da abaya, da katin gayyatar biki, da bangon littattafan da marubuta ke sakewa a Wattpad da WhatsApp. Masu saye ma sun canja. Da mai shago ne da direba da ɗan siyasa. Yanzu amarya ce ke son a zana ta da angonta, ko ɗa ke son a sabunta tsohon hoton mahaifinsa da ya rasu, wanda ruwa ya ɓata.

Inda aka yi asara shi ne ciniki. Mai saye ba ya ganin katako, ba ya jin warin fenti, don haka a ransa ba a kashe komai ba. Saƙo zai shigo da tsakar dare: "Malam, don Allah a mayar da rigar shuɗiya, ai dannawa kawai za ka yi." Gobe a ce a ƙara hasken fuska, jibi a ce ƙawaye sun ce na farkon ya fi. Tunda fentin gilashi ba ya bushewa, babu lokacin da aiki ke ƙarewa da kansa. Sannan babu allon da za a riƙe. Da ka tura samfuri a duba, an riga an mallake shi, mutum ya ɗora a shafinsa ya daina amsa waya. Matasa da yawa sun sha wannan, kuma babu maigidan da suka taɓa gani yana cewa "in akwai gyara yanzu ne", domin daga bidiyon YouTube suka koyi sana'ar, shi kuwa bidiyo inuwa da launi yake koyarwa.

Kasuwar waje ma ba ta zo da sauƙi ba. Fiverr, wanda aka buɗe a 2010, yana cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin kowane aiki. PayPal ya shigo Najeriya a 2014, amma shekaru da dama ɗan Najeriya turawa kawai yake iya yi, ba ya karɓa, sai aka riƙa zagayawa ta Payoneer ko ta asusun ɗan'uwa da ke waje. Adobe mai Photoshop ya koma biyan wata-wata tun 2013. Da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023, kuɗin iPad da alƙalaminsa ya fi ƙarfin yawancin masu farawa, ga caji da sai an nemi wuta. Duk wannan kuɗi ne da ke cikin kowane hoto, mai saye ne kawai ba ya ganinsa.

Daga 2022 kuma manhajoji irin su Midjourney suka fara fitar da hoto daga rubutu, masu saye suka sami sabon abin tayi da shi. Manhajojin sun ƙwace ƙananan ayyuka, wannan gaskiya ne. Amma sau da yawa in aka ce su zana Bahaushe sai su naɗa masa rawanin wata ƙasa, su kasa bambance zanna bukar da dara, su ɗaura wa mace ɗankwalin da ba a ɗaurawa a nan. Wanda ke son a ga kakarsa da ainihin tsagen fuskarta har yanzu mutum yake nema.

Masu zanen da na ga sun tsaya da ƙafafunsu su ne waɗanda suka dawo da tsarin rumfa cikin waya, ko sun san daga can ya fito ko ba su sani ba. Rabin kuɗi kafin a ja layin farko. Zanen fensir a fara turawa, a amince da shi a rubuce. Gyara sau biyu, na uku da kuɗinsa. Samfuri ƙarami ne, da sunan mai zane kwance a tsakiyarsa, cikakken hoton da za a iya bugawa kuwa sai an ga shigar cikon kuɗi a asusu. Wasu masu sayen sukan ji haushi su tafi wurin mai araha, kuma kusan kullum akwai wani sabon yaro da zai karɓi aikin a kan kuɗin data.