Mazarin Da Ya Rayu Da Ruwan Famfo



Bayan gidan da muke haya a nan Ibadan akwai wani dan kududdufi da ba ya kafewa ko da rani. A daminar da ta wuce karamar diyata ta kwanta zazzabin cizon sauro har sau biyu, na biyun ma sai da aka yi mata karin ruwa. Ran da muka dawo gida na tsaya ina hararar kududdufin nan kamar shi ya cije ta. Makwabcina, wani Bayarabe mai kiwon tarwada, ya ce, "Malam, zuba kananan kifaye a ciki, su za su cinye maka 'ya'yan sauron." Na ce madalla.

Da dare na shiga intanet neman irin kifin da ya fi dacewa, sai binciken ya kai ni tsibiran Hawai da ke tsakiyar tekun Fasifik, inda aka taba bin irin wannan shawara. Asali babu sauro a can, jirgin ruwa ne ya kai shi wajen 1826. A 1905 aka dauko wasu kananan kifaye masu cin 'ya'yan sauro daga jihar Teksas ta Amurka, aka watsa su cikin ruwayen tsibiran. Kifi kuwa ba ya tantance abin da aka aike shi ya ci da wanda ba a aike shi ba.

Mai karatu ya san mazari, wanda muke kamawa muna yara mu daura masa zare. To yana da wani dan uwa siriri, kamar tsinken tsintsiya. Bambancinsu shi ne mazari in ya sauka yakan bar fikafikansa a baje, shi kuwa siririn sai ya hade nasa a bayansa. Mutanen Hawai na kiransa pinapinao, kuma suna da sama da iri 20 da babu su a ko'ina a duniya sai can. Akwai wanda 'ya'yansa ke girma cikin dan ruwan da ke taruwa a gindin ganye, akwai ma wanda nasa ke girma cikin danyen ganyen da ya zube a kasa. Ikon Allah ke nan.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wanda masana ke kira Megalagrion xanthomelas. Tsawonsa bai kai santimita 4 ba, namijin ja ne mai ratsin baki. Macen takan soka kwanta cikin jikin tsiron ruwa, in ya kyankyashe sai dan ya zauna cikin ruwa, yana numfashi da wasu abubuwa uku kamar ganye a jelarsa, yana farautar kananan kwari, har da 'ya'yan sauro. Sai ya kosa sannan ya hauro, ya tube fatarsa ya tashi. A farkon karni na 20 yana cike da lambunan Honolulu da gonakin gwaza. Amma 'ya'yansa ba su taba sanin mafarauci irin kifin nan ba, don haka ba su iya buya ba. Kifin ya bi su ya cinye, sauran kuma gine-gine da karkatar da rafuka suka karasa. Wato an kawo bako ya ci sauro, ya hada da dan gida mai cin sauron.

An dauka ya kare a tsibirin Owahu, sai a 1994 aka gan shi a wani dan rafi cikin harabar asibitin sojojin Amurka na Tripler. Tsawon wurin bai wuce mita 100 ba, kuma abin da ya cece shi shi ne babu kifin a ciki. Da ruwan rafin ya yi kasa, sai aka jawo tiyo daga famfo aka bar shi yana kwarara. Shekara da shekaru nan kadai aka san yana nan a duk fadin tsibirin, ko da yake akwai ragowarsa a wasu tsibiran. A 2016 gwamnatin Amurka ta sanya shi cikin jerin halittun da ke fuskantar karewa, masana kuma suka shiga kiwon 'ya'yansa a dakin bincike suna sakinsu a ruwayen da babu kifi.

Kada in yi wa mai karatu karya: in aka ce in zaba tsakanin diyata da kwaro, ba sai na yi tunani ba. Mazarinmu na nan ma ba kamar na tsibiri ba ne, ya dade da sanin kifi. Abin da ya ba ni kunya shi ne na yanke wa kududdufin hukunci ban taba leka cikinsa ba. Kuma sauron zazzabinmu ya fi son kananan ruwayen da ke kwanciya a rana bayan ruwan sama, irin na sawun taya, wadanda ke birjik a kofar gidanmu ban taba kula su ba.

Ban zuba kifin ba. Na sayi gidajen sauro masu magani, ni da makwabcin nan muka cike ramukan layinmu da yashi. Ran Asabar da hantsi na je bakin kududdufin da diyata, muka kirga siraran mazari biyar, biyu a manne da juna suna tashi tare. Na ba ta labarin na Hawai. Ta yi shiru, can ta ce, "Baba, to in aka dauke ruwa fa?"

Tambayar 'yar Najeriya ke nan, kuma har yau ban ba ta amsa ba. Allah ya kara wa yaranmu lafiya, amin.