Adakar Baba da Kyautar Mutanen Nesa

Bayan sadakar arba'in ta mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, muka taru a zauren gidanmu da ke zangon Walewale domin rabon gado. Malam ya lissafa gida da gona da keke da 'yan awaki, kowa ya san rabonsa. Daga nan aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, wadda tun muna yara makullinta bai taɓa barin aljihun Baba ba. Mun ɗauka takardun gona ne a ciki, ko kuwa wani kuɗi da ya ɓoye. Da aka buɗe, sai ga tsofaffin kalandu na shekarun da suka shuɗe, da bajo-bajo na gidajen rediyo, da wasu jajayen takardu da aka yanka siffar kifi da furanni, da safar hannu ta ulu wadda ta ƙone a yatsu, da wani ƙwallon gilashi mai ɗan gida a cikinsa, da hoton wata tsohuwar Baturiya tare da karenta. A can ƙasa kuma ambulan ne jingim, an ɗaure su da zare.

Malam ya jujjuya ƙwallon gilashin, ya ce, "To, wannan kam ban san kuɗin da zan yi masa ba. Ku je ku yi shawara a tsakaninku." Autanmu, wanda bai riski zamanin waɗannan kaya ba, ya ce shawara ɗaya ce, a kai su bola. Mu manya muka yi shiru, domin kowane abu a cikin adakar nan mun san ranar da ya iso, kuma babu ko ɗaya da ya fito daga hannun wanda Baba ya taɓa gani ido da ido.

Mu mutanen zango saƙo muka gada. Kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar Gwanja daga Kano da Katsina, suna kawo kanwa da tufafi da fatu, suna komawa da goro daga kasuwar Salaga, kuma Walewale ɗaya ce daga cikin wuraren da ayari ke yada zango a kan wannan hanya. Madugu ba kaya kaɗai yake ɗauka ba, har da wasiƙa da tsaraba da labarin wanda ya rasu da wanda ya haihu. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a can a 1934, cikin abin da ya bari har da littafi kan yadda ake tsara wasiƙa. Amma a duk wannan zamani saƙo yana da fuska. An san wanda ya aiko, an san wanda ya kawo, an kuma san tukwicin da za a ba shi.

Gidan waya ne ya zo da saƙon da ba shi da fuska. Mutum ya sayi kan sarki, wanda ya samo sunansa daga hoton kan sarkin Ingila da ake bugawa a jikinsa kafin a sa na Nkrumah a 1957, ya manna, ya jefa takarda a akwati, sai ta tafi inda ƙafarsa ba za ta taɓa zuwa ba. A zangonmu kuwa ba kowa ke da akwatin gidan waya ba. Akwati ɗaya na wani attajiri ko na makaranta shi ke ɗaukar wasiƙun unguwa guda, yaro ya kwaso su, a riƙa kiran suna a ƙofar masallaci bayan La'asar.

Abin da ya haɗa Baba da mutanen nesa shi ne rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957, mako ɗaya bayan Ghana ta sami 'yancin kai. A 1963 gidan rediyon Jamus da na Sin suka bi sahu, Muryar Amurka kuma a 1979. Ga mu a tsakiyar ƙasar Mamprusi, a kasuwa muna jin yaren masu ƙasa, a makaranta Turanci, sai ga harshenmu yana fitowa daga Landan da Kolon a kan gajeren zango. Baba da ajami ya iya rubutu, saboda haka sai ya zaunar da ɗan makaranta ya yi masa shifta da boko, a aika gaisuwa da tambaya. Bayan wata biyu ko uku amsa ta zo, tare da kalanda ko bajo ko jadawalin shirye-shirye. Jajayen takardun nan daga Sin suka zo, kuma Inna ta yi kwana uku tana tambayar abin da ake yi da su, kafin ta liƙa ɗaya a jikin jeren kwanoninta.

Ba duk saƙon ne aka yi murna da shi ba. Kakarmu ba ta yarda a shigo da ƙunshin da ba a san mai shi ba sai ya kwana a zaure an tofa masa Falaƙi da Nasi, domin a wurinta abin da ya zo daga hannun da ba a sani ba yana iya zama sammu. Wani lokaci kuma ƙananan littattafan wa'azin Kirista ne ke zuwa daga Amurka, ba mu san inda suka sami adireshinmu ba. Ranar da yayarmu ta yage shafi ɗaya za ta ƙunsa ƙosai, Baba ya karɓe ya ce, "Takardar da aka rubuta sunan Allah a cikinta ba a ƙunsa ƙosai da ita, ko da wane harshe aka rubuta." Bai karanta su ba, bai kuma yar da su ba. Mun same su a adaka yadda suka zo.

Sai da muka kwance zaren ambulan ɗin nan muka gane cewa su ya fi adanawa da kyau, fiye da kayan da suka zo a cikinsu. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Zangogi suka girgiza, daga Kumasi har Yendi da Bawku, mutanen da aka haifa a nan, aka haifi iyayensu a nan, suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da a labari kawai suka san su. Gidanmu bai tashi ba, amma Baba ya sha gaya mana cewa tun daga lokacin bai sake barci irin na da ba. Ambulan ba takardar shaida ba ce a gaban hukuma, shi ma ya san haka. Sai dai a bayan kowace ɗaya akwai sunansa, da Walewale, da Ghana, wanda wani mutum a wata ƙasa ya zauna ya rubuta ba tare da ya tambaye shi daga ina kakansa ya fito ba. Mutumin da ake kira baƙo a garin haihuwarsa ya san daɗin wannan.

Ƙunshin da ya fi kowanne zama a zukatanmu ya zo ne a 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, shekarar da aka koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya suka dawo suka tarar babu abinci. Yayanmu yana makarantar sakandare, ya taɓa aika sunansa cikin jerin masu neman abokan wasiƙa, har ya manta. Wata tsohuwa a Jamus ta ga sunan, ta kuma ji a labarai ana yunwa a Ghana, sai ta haɗa abin da ta ga ya dace: safar hannu ta ulu da ta saƙa da kanta, da garin miya ƙunshi uku, da ƙwallon gilashin nan wanda in an girgiza shi farin abu ke zubowa a kan ɗan gidan, da hotonta da karenta.

Mun yi tsammanin kuɗi ko shinkafa, don haka da aka buɗe babu wanda ya yi magana. Garin miyar ma ba mu ci ba, saboda ba wanda ya iya karanta abin da aka haɗa shi da shi, malam kuma ya ce a bar abin da ake kokwanto, sai aka ba wani malamin makaranta Kirista maƙwabcinmu. Safar hannun Baba ya sa ta hunturu biyu yana tuƙa keke da asuba, daga baya Inna ta gaje ta tana sauke tukunyar man kaɗe, a nan ta ƙone. Ƙwallon gilashin kuwa yaran unguwa sun yi wata guda suna layi a zaure don a girgiza musu su ga ƙanƙarar Turai, har wasu su manta ba su karya ba.

Yayanmu ya ce ba zai ba da amsa ba, tunda matar ba ta san halin da muke ciki ba. Baba ya dube shi ya ce, "Kai ka san halin da take ciki? Tsohuwa ta zauna ta saƙa maka abu da hannunta, ba ta taɓa ganinka ba. Yaba kyauta tukwici." Ya tafi kasuwa a cikin wannan ƙunci ya sayi goro fari guda goma, manya, irin wanda ake kai wa surukai, aka naɗe a ganye aka aika, kuɗin kan sarki ya fi kuɗin goron. Bayan wata huɗu amsarta ta zo. Ta yi godiya ƙwarai, ta ce ta dafa 'ya'yan itacen nan awa biyu ba su yi laushi ba, ta ɗanɗana ta ji ɗaci, sai ta shuka sauran a tukunya ta ajiye a taga tana jiran su tsiro.

Ranar Baba ya yi dariya har da hawaye, mu ma muka yi. Sai daga baya muka lura cewa abin da ya same mu da safarta shi ne ya same ta da goronmu. Mun aika mata mafi darajar abin da muka sani, abin da kakanninmu suka yi tafiyar watanni a ƙasa dominsa, abin da ake ɗaura aure da shi, ya isa hannunta ya zama abin mamaki mara amfani. Kowannenmu ya ba da abin da yake da daraja a garinsu, kowannenmu ya yi kuskure, kuma ba wanda ya raina na ɗan'uwansa. Sun yi shekara shida suna musayar wasiƙa da yayanmu, sannan wasiƙunta suka daina zuwa. Babu wanda ya rubuto ya gaya mana dalili, amma mun gane.

Yau abin ya sauya. Tun 2017 gidaje suka fara samun adireshin zamani na lambobi, saƙo kuma yana isowa ta waya kafin mutum ya ƙifta ido. Amma in baƙuwar murya ta kira ta ce ana riƙe da ƙunshinka daga Turai, sai dai ka kashe waya, domin abin da zai biyo baya shi ne ka tura kuɗin fito ta wayar, ƙunshin kuma babu shi. Mun san waɗanda aka cuta ta wannan hanya a zangonmu, har da tsofaffin da suka saba da zamanin da ƙunshin baƙo gaskiya ne. Tsoron kakarmu ya dawo da wata kama, kuma dole mu koya wa iyayenmu da 'ya'yanmu taka tsantsan. Abin da muke gudu shi ne yaranmu su tashi ba su san cewa wanda bai san ka ba yana iya yi maka alheri ba tare da yana neman komai ba, alhali zango kansa a kan wannan aka kafa shi: fatake suka iso ba a san su ba, masu ƙasa suka nuna musu wurin sauka.

Ba mu kai adakar bola ba, ba mu kuma raba ta ba. Mun bar ta a ɗakin Inna, makulli a hannun yayanmu. Tsohuwar nan ba mu da hanyar saka mata, sai muka yi shawara cewa duk shekara, a watan da Baba ya rasu, za mu haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa mu ba direban motar Bawku ko ta Salaga ya kai wa wani almajiri ko matafiyi da ba mu sani ba, ba tare da an faɗi sunanmu ba. Autanmu da ya ce a zubar, shi ne ya roƙi a bar masa ƙwallon gilashin. Ruwan ciki ya ƙafe rabi, amma in an girgiza har yanzu ƙanƙarar tana zuba, 'yarsa kuma ta fara tara yaran unguwa a zaure.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya saka wa duk wanda ya yi mana alheri, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba.