Injin niƙa ko injin turawa: yadda muka kawo bandaki kusa da ɗakin Inna

Duk wanda ya taɓa haƙa rami a unguwannin Malanville da ke kusa da kogin Kwara ya san ruwa ba ya nisa. Da rani ka haƙa ka ga ƙasa a bushe, da Agusta ta kama, kogi ya cika, sai ramin masai ya tumbatsa. Shi ya sa yawancinmu muke kai masai can bayan gida, inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Namu ma can yake, sokawe ne mai ɗaki biyu.

Bayan an rufe gadar Gaya a 2023, zuwa duba mahaifiyata ya koma sai ta kwalekwale, don haka na ɗauko ta ta dawo wurinmu. Gwiwoyinta sun gaji. Tafiya bayan gida da dare, cikin taɓo, da fitila a hannu ɗaya da buta a ɗayan, ba abin da ɗa zai zura wa ido ba ne. Na ce a yi mata bandaki jikin ɗakinta. Mai gyaran famfo ya zo ya auna, ya ce ɗakin yana ƙasa da bakin sokawen, kuma ƙazanta ba ta hawa tudu da kanta. Sai an binne ƙaramin tanki kusa da bandakin, a sa inji a ciki yana tura ta sama.

Injinan iri biyu ne. A shagunan Kwatano, idan ka ce "pompe de relevage" za su tambaye ka ko mai "broyeur" kake so ko marar shi. Marar shi turawa kawai yake yi: yana da fanka a ciki, yana wuce da dunƙulen da ya kai santimita 5 yadda yake, ta bututu mai faɗi. Yana kwashe ruwa da yawa nan da nan, amma ba ya kai shi nesa ko sama sosai. Ɗayan kuwa wuƙaƙe gare shi, yana markaɗa komai ya zama kamar kunu, sannan ya tura da ƙarfi ta siririn bututu zuwa nesa.

Yayana, wanda muke harkar albasa tare, mai niƙa ya so. Ya ce, "Kai, abin Inna ne fa. Sayi mai tsadan a huta." Na ce, "Yaya, ba kuɗin nake ji ba, ina ƙazantar za ta je bayan an niƙe ta?"

A nan maganar take. Malanville ba ta da babban bututun gari da ke kwashe ƙazantar gidaje, kowa da raminsa. Shi kuwa sokawe da kwanciya yake aiki. Mai nauyi ya zauna a ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ya tsallaka ɗaki na biyu ya tsotse cikin ƙasa. To idan ka markaɗe komai ya yi laushi, ba ya kwanciya da wuri. Sai ya bi ruwan ya wuce, ya je ya toshe ƙasar da ke shanye shi. A wurin da ƙasa dama a ƙoshe take da ruwa wata biyu ko uku a shekara, ka ga an tara wa rami aiki biyu. Ranar da ya ƙi sha, tsakar gidan da yara ke wasa ce za ta karɓa, kuma kowa a bakin kogin nan ya san abin da ke biyo bayan haɗuwar ruwan masai da na rijiya.

Ba wai mai niƙa ba shi da wurinsa ba ne. A Amurka ana sa shi a gidajen da ke tura ƙazanta zuwa bututun gari mai nisa ko mai matsi, kuma wanda zai haura da ita dogon tudu shi zai nema. Mu tsakanin bandakin da sokawe taku ashirin ne da ɗan hawa kaɗan.

Sai kuma wuta. Na turawa na gida yawanci ƙarfin rabin doki ne, mai niƙa kan kai doki 1 zuwa 2. Idan aka ɗauke wuta, ƙaramin janaretan da ke riƙe mana firji yana iya tada na farkon, na biyun kuwa sai an nemi babba. Ga wuƙaƙe suna dakushewa, balle a garin da yashi ke shiga ko'ina, kuma wanda zai canza su sai a jira shi daga Faraku ko Kwatano. Da yayana ya ji zancen janareta, sai ya ce, "To, ka ga yanzu ka yi magana."

Na turawa muka sayo. Na sa aka ɗaga bakin tankin ya fi tsakar gida tsawo, da murfi mai rufuwa ruf, don kada ruwan sama ya cika shi. Aka sa bututun iska ya haura rufi saboda wari, da abin da ke hana ƙazanta komowa baya idan injin ya tsaya. Ƙwallon da ke tashi da ruwa ya kunna injin, shi ne ya fi saurin lalacewa, na sayi biyu na ajiye ɗaya a shago.

Abin da inji bai iya ba, uwargida ce ta ɗauke shi. Na turawa ba ya jure tsumma, leda, audugar mata ko kunzugun yara, suna naɗe fankar. Gidan ɗan kasuwa kuwa ba ya rabo da baƙi, masu ciniki daga Dosso ko Kamba kan kwana biyu su wuce. Ta ajiye bokiti mai murfi a ƙofar bandakin, kuma duk baƙuwar da ta sauka, ita ke jan ta gefe ta yi mata bayani tun kafin a kai mata ruwan wanka.