Hutun Damina A Udubo

A cikin watan Agusta na shekarar 2023, sa'ad da makarantu suka tashi dogon hutu, wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Kaduna ya ɗauki ɗansa mai shekara 14 suka kama hanyar Udubo, garin da aka yanke wa uban cibiya. Abin da ya gaya wa iyalinsa shi ne zai kai yaron ya gai da kakarsa, ya kuma san dangi, domin tun da aka haife shi sau ɗaya tak aka taɓa zuwa da shi, yana goye. Wannan kuwa gaskiya ne, sai dai akwai saura. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na shekarar, albashi ya daina kai shi tsakiyar wata, ga mai gida yana jiran kuɗin haya, ga kuma babbar 'yarsa tana jami'a an ƙara musu kuɗin rajista. Saboda haka ya ƙudura a ransa zai sayar da rabonsa na gonar gado, wadda wansa ke nomawa shekara 19, tun rasuwar mahaifinsu. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa.

Mutanen birni sukan ce damina ba lokacin ziyara ba ce, wai ga sauro, ga taɓo, ga masu gida duk suna gona. Wanda ya faɗi haka bai taɓa bin hanyar Kano zuwa Azare cikin marka ba. Daga an wuce Wudil da Shuwarin, ƙasar nan da matafiyi ya saba gani fara fat da rani sai ya tarar ta rufe da kore, gero ya kai kan mutum, shamuwa na kiwo a bakin kududdufai. A gadar Jama'are yaron ya leƙa ta taga ya ga kogi ya cika ya tumbatsa, ruwan ja wur, ya tambayi uban ina ya nufa. Uban ya ce wannan ruwa daga duwatsun Jos ya taso, zai bi ta tsohon garin Katagum, ya je ya gamu da kogin Haɗeja, su zama kogin Yobe, su zarce Tafkin Chadi. Yaron ya ce ai sun yi wannan a makaranta, amma shi ya ɗauka zane ne kurum a taswira.

Sun kwana ɗaya a Azare. Da safe suka zaga ƙofar fadar Sarkin Katagum da babban masallaci, suka ratsa kasuwa ta wajen 'yan hatsi da 'yan tabarmi. Uban ya riƙa nuna wa yaron inda ya san fili ne a da, yanzu duk gine-gine, har da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021. Ya ba shi labarin yadda yana yaro aka taɓa kawo shi kallon hawan salla a zamanin Sarki Muhammadu Kabir Umar, wanda ya yi sarauta daga 1980 har ya rasu a 2017. Amma hankalinsa ba ya kan abin da yake faɗi. Lissafi yake yi na abin da kadada za ta yi a Udubo, da kuma ta inda zai ɓullo wa wansa.

Udubo tana cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa, can gabashin tsohuwar ƙasar Katagum, dab da iyakar Jihar Yobe. Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da wake da gyaɗa da riɗi, kuma mahaɗa ce ta jama'a: ga Hausawa, ga Fulani, ga Barebari, ga Karekare, kowa ya auri na kowa. Hausar da ake yi a nan ita ce Guddiranci, wadda Bakano ke ji ya yi murmushi, su kuma Guddirawa su yi masa nasu murmushin. Sun isa bayan la'asar, ana yayyafi. Tsohuwa na zaune a ƙofar ɗaki bisa tabarmar kaba, idonta ya yi rauni, sai da ta shafa fuskar yaron ta tabbata, sa'an nan ta ce, "Ashe mijin nawa yana nan da rai? To, ina kuɗin cefane na shekara 14?" Yaron bai san wasan jika da kaka ba, ya tsaya yana duban ubansa, gida kuwa ya ɗauki dariya. Ɗan nata kuma da ya durƙusa gaisuwa, amsawa ta yi a taƙaice tana kallon gefe, irin ta matan da.

Washegari da sassafe wan ya ce su zo su ga gona. Nan ne yaron ya fara buɗe ido. An gama maimai, gero ya fitar da kai yana bununi, wake na yaɗo a ƙarƙashinsa, gyaɗa ta rufe kunya. A tsakiyar gonar akwai wani gawo babba tsaye tsirara, ba ganye ko ɗaya, alhali kowane itace ya yi lif. Yaron ya ce, "Baffa, wannan ai ya mutu, me ya hana a sare shi?" Baffan ya yi dariya ya ce, "Wannan ya girmi ubanka, kuma zai iya binne mu duka. Shi gawo haka Allah ya yi shi, da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo. Ganyen da ya zubar taki ne, ba ya kuma tare wa shuka rana. Dubi geron da ke gindinsa ka dubi na can." Ya duba, na gindin gawon ya fi kauri da duhu. Da rani kuma, in ji Baffan, a inuwarsa shanu ke kwana suna cin 'ya'yansa, su bar kashi a wurin. Abin da masana aikin gona suka cika littattafai da shi ke nan a kan wannan itace, manomin Udubo kuwa ya gada ne a bakin ubansa.

Uban yaron na biye da su a baya, yana auna gonar da ido. Daga gawon zuwa wata aduwa da ke gabas, nasa ne. Haka aka raba a gaban liman da dattawan unguwa. Sai dai babu wata alama a ƙasa da ke nuna haka, domin wan bai taɓa yin iyaka ba. Kunyoyin sun miƙe ne daga wannan baki zuwa wancan, garma ɗaya ta ja su. Kowace shekara kuwa bayan kaka buhun gero biyu da na wake ɗaya kan iso Kaduna a motar haya, ba wasiƙa, ba lissafi. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wan ya sunkuya ya karyo kan gero da ya fara ƙosawa ya miƙa wa yaron, maganar ta koma ciki.

Kwanakin da suka biyo baya na yaron ne. Ya ci tumu an gasa a bakin gona har ya ƙone leɓe. Ya hau amalanke, ya koyi yadda ake yi wa shanun huɗa magana su tsaya. 'Ya'yan Baffan suka kai shi ruga wajen makiyayar da aka keɓe wa Fulani a yankin, ya ga tatsa, ya sha kindirmo da fura a ƙwarya, ya dawo yana ba da labarin wata saniya da aka ce ta san sunanta. Kakar ta sa aka yi masa kwaɗon tafasa da ƙuliƙuli, ya ɓata fuska a loma ta farko, a ta biyar ya nemi ƙari. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyu, kamar yadda yakan yi wa kowane baƙon damina da ya raina gidan sauro. Wanda zai je, ya tafi da nasa. Wayar da ya zo da ita kuwa ta mutu tun kwana na uku, ba wanda ya ji ya yi kukanta.

Ranar da yaron ya warware, wan ya ce bai kamata ɗan Guddiri ya zo har nan ya koma bai ga Katagum ba. Suka bi ta Gamawa, rabi a mota rabi a kan babur, saboda ruwa ya ci hanya a wurare. Mai zuwa Katagum yana tsammanin birni zai sha mamaki, domin yau hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki ce kawai, gari madaidaici a bakin kogi. Amma nan ne Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birninsa wajen 1809. Shi ne ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, babban birnin Barno, ya kuma rasu a 1814; sarakunan da suka gaje shi sun daɗe ana kiransu da laƙabin Sarkin Barno. A watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Turawan Birtaniya biyu, Clapperton da likita Oudney, suka sauka a garin a kan hanyarsu daga Kukawa zuwa Kano. Clapperton ya rubuta cewa ya tarar da ganuwa biyu, ɗaya cikin ɗaya, da ƙofofi huɗu, ya kuma ƙiyasta mutanen garin tsakanin 7,000 da 8,000. Oudney, wanda ya zo da ciwo, ya mutu a Murmur ranar 12 ga watan, jim kaɗan bayan sun bar garin. Turawan mulki suka iso a 1903, cikin shekarun 1910 kuma aka mai da gadon sarauta Azare, Katagum ta zauna da sunanta da koginta.

Abin takaici ne a ce yaro ya gama firamare a wannan ƙasa yana iya lissafa sarakunan Ingila, bai san wane ne Ɗankauwa ba. Ganuwar ma da Baturen ya yaba, ruwan sama da masu ɗibar ƙasar gini sun gama da mafi yawanta. Wani dattijo da suka tarar a gindin tsamiya ya nuna musu inda ya ce ta bi, yaron ya hau tudun ya tsaya yana duban fadama, inda shinkafa ta yi shar, masunta kuma na ta kai da kawowa a kwalekwale. Dattijon ya ce kogin nan shi ne arzikinsu, shi ne kuma dodonsu. A ambaliyar 2022 ya ci gonaki da gidaje a Zaki da Gamawa, har ya yanke hanyoyi, mutane suka koma shiga gari ta jirgi.

A bakin kogin ne, yaron ya tafi kallon masu jan koma, 'yan'uwan biyu suka sami kansu su kaɗai. Ƙanen ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya, akwai maganar da ta kawo ni." Wan bai dube shi ba, ya ce, "Na sani. Tun ranar da muka je gona na ga kana taka ƙasa kana ƙirga. Nawa ne ake nema?" Ƙanen ya faɗa. Wan ya yi shiru har wani jirgi ya ƙetare ya dawo, sa'an nan ya ce, "Haƙƙinka ne, ba mai hana ka, ko gobe ka ce a kira dillali sai a kira. Abu biyu kawai zan roƙe ka. Kada a yi Inna na da rai, don a gonar nan aka kai mata gara, kuma ko ba ta gani tana ji. Na biyu, wanda zai saya ba ɗan garin nan ba ne, masu kuɗin Azare ne ko na Fataskum, su kuwa waya suke zagayawa. Ran da aka kafa waya daga gawo zuwa aduwa, shanuna ba su da hanyar shiga tawa."

Ƙanen ya ce shi ma ba da son ransa ba ne, amma yarinya na aji uku, in ba a biya ba shekarar ta tafi. Wan ya ce, "To, a sayar da bijimi ɗaya." Wanda bai san ƙauye ba zai ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Shanun huɗa biyu ne, tare suke jan garma, tare suke jan amalanke. In aka cire ɗaya, ɗayan ya zama na kiwo kurum. Watau mutumin da ya ba shekara 55 baya zai shiga jigilar amfanin gona da kaka ba abin ɗauka, in kuma damina ta kewayo bai mai da gurbin ba, sai haya ko fartanya. Ƙanen ya san wannan sarai, ya ce ba zai yiwu ba. Suka yi ta ja har yaron ya dawo riƙe da tarwaɗa biyu da wani masunci ya ba shi, suka yi shiru.

Kwana uku ba wanda ya sake tayar da zancen. A dare na huɗu tsohuwa ta sa aka kira mata ƙaramin ɗan nata, ta ce ta ji an ce za a kai jan bijimi kasuwa, ko lafiya? Ya ce lafiya lau. Ta ce, "To, madalla. In ka tashi biyan ɗan'uwanka, ka biya shi kafin shamuwa ta dawo." Ba ta ƙara ko kalma ba, shi ma bai tambayi wanda ya gaya mata ba.

Ran kasuwa suka ɗora bijimin a mota zuwa Fataskum, wadda kasuwar shanunta na cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Yaron bai taɓa ganin shanu masu yawan haka ba, ga manyan motoci jere ana lodi zuwa Kudu, ga dillalai na cusa hannu cikin hannun riga suna ciniki da yatsu. Ya yi ta tambaya, Baffan na amsa masa ɗaya bayan ɗaya, har aka sallama. Da mai saye ya kama igiya, Baffan ya kwance ƙararrawar da ke wuyan bijimin ya sa a aljihu, ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya miƙa wa ƙanensa duka. Ƙanen ya ciro takarda zai rubuta yarjejeniya, wan ya ce ya mai da alƙalaminsa.

Sun bar Udubo ranar da aka fara yankan gero a gonakin da suka yi shukar fari. A mota yaron ya tambayi uban ko da hutun Disamba za su dawo, don Baffa ya ce lokacin ne gawo ke yin ganye, yana so ya gani da idonsa. Uban ya ce sai abin da hali ya yi. Yana ta lissafi a bayan takardar nan, yana raba kuɗin bijimi gida tara, daga Satumba zuwa Mayu.